Inuwar Taga Ɗaya Domin Hajara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke duba takardun masu neman izinin sa baƙin gilashi a mota, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Mushe Iliya, Mushe ɗin laƙabin malamai ne a nan, don tsohon malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, ina zaune a Takieta. Sau bakwai ina zuwa biro ɗinka, wato ofishinka, ban sami ganinka ba. Mai tsaron ƙofarka har ya san ni, tun kafin in gama sallama yake cewa ba ka shigo ba. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani da ya san ka zai karanta maka. Ba na sa ran wasiƙar nan za ta sake komai, gara in faɗa tun da farko.

Na ɗaya. Matata Hajara zabiya ce. Haka Allah ya halicce ta, fatarta ba ta jure rana, idonta ba ya jure haske. Shekararmu ashirin da shida tare, da 'ya'ya biyar. Bara da bazara wani ɗan ƙurji ya fito mata a wuya, ƙasan kunnen dama, ya ƙi warkewa. Da muka zo likita a Damagaram, lokotoro, wato babban likitan, ya jawo ni gefe ya ce ciwon daji ne na fata, kuma rana ce ta kawo shi. Aka yi mata aiki, aka ce mu dinga zuwa duk Litinin da Alhamis a wanke wurin a duba, kuma kada rana ta ƙara dukanta. Mun gwada zama a birni wajen ƙanwarta, amma ɗaki ɗaya ne da mutum bakwai, dole muka koma gida.

To, ka san yadda hanyarmu take. Takieta tana yamma. Da safe muna fuskantar gabas, rana na cikin idonmu har mu shigo gari. Kafin layi ya zo kanmu a sallame mu rana ta karkata, mu juya yamma, ta sake tare mu a gaba. Da zuwa da dawowa duk cikinta muke, a wata tsohuwar mota da ba ta da na'urar sanyi.

Na biyu, kuma wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba. Na kai motata unguwar Zango a Damagaram wajen masu liƙa baƙar leda a gilashi, na ce a rufe mini ko'ina har gilashin gaba. Mai aikin, wani dattijo Malam Gambo, ya ce in bar gaba, zan sha wuya da magariba. Na ce masa ni na koyar da yara shekara talatin, na san abin da nake yi. Kwana tara da yin haka, muna dawowa rana ta faɗi, saura ƙiris in kwashe amalanken jaki da mata biyu a kai, don wallahi ban gan su ba sai da suka yi ihu. A nan gefen hanya na ɓare ledar gaban da farcena. Saboda haka ba sai an koya mini haɗarin baƙin gilashin gaba ba, na gani da idona. Abin da na bari shi ne ɗan layi mai faɗin yatsa huɗu a can sama, da tagar gefen da take zama. Lokotoro ya ce akwai wata leda fara garau mai tare zafin rana ba tare da ta duhunta mota ba. Na zaga Zango kaf ina nema, masu shaguna suka yi mini dariya, wai wa zai sayi ledar da ba a gani.

Na uku. Wata Alhamis a shingen shiga gari wani jami'i ya tsayar da mu, ya ce an hana baƙin gilashi saboda tsaro. Ban yi gardama ba. Ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san halin da ake ciki, kuma ba na son mugu ya ɓuya bayan gilashi. Na nuna masa takardar likita, na sauke tagar ya ga matata da bandeji a wuya. Ya ce ya tausaya, amma takardar likita ba izini ba ce. Ya sa reza ya kankare tagar da layin saman duka. Muna tsaye yana kankara, manyan motoci biyu suka wuce baƙi ƙirin gaba da baya, aka ɗaga musu hannu. Ban ce ba su da izini ba. Ina dai tambaya ta wace ƙofa suka bi, don ni ban gan ta ba. Har yau kuma babu wanda ya nuna mini a rubuce iya duhun da aka yarda da shi. Kowane jami'i da idonsa yake aunawa.

Na huɗu, nan ne abin ya tsaya. Na haɗa dosiye na kawo ofishinka: takardar mallakar mota da sunana, takardar likita da sunan Hajara. Sakatarenka ya duba ya ce sunayen biyu ba su haɗu ba, sai na kawo takardar aure ta nuna mara lafiyar matata ce. Ranka ya daɗe, a ƙofar gidan mahaifinta a Gaffati aka ɗaura mana aure, da liman da waliyyai da goro da dabino, aka shafa fatiha aka watse. Haka aka ɗaura na ubana, kuma ina jin haka aka ɗaura na naka. Babu wanda ya tuna da takarda, har ni da nake da boko. Aka ce in je kotu da shaidu biyu da suka halarta. Liman ya rasu, waliyyan sun rasu. Tsoho ɗaya na samu a Gaffati, shi kuma tsufa ya ci ƙarfinsa, ya ɗauke ni ƙanen ubana ne. Na kawo takardun haihuwar 'ya'yanmu biyar, sunana da nata na kan kowace. Sakatare ya ce wannan haihuwa ta nuna, ba aure ba. Da furfurata aka gaya mini wannan magana.

Na biyar. Tunda babu inuwa, sai muka koma kwantar da ita a kujerar baya, in lulluɓe ta da farin zane tun daga kai har ƙafa. Sati uku da suka wuce na tsaya shan mai a hanya. Wani bawan Allah ya leƙa motar, ya cire hularsa, ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi inda za a yi jana'iza. Bai yi da mugunta ba. Amma Hajara na ji. Da muka iso gida ta ninke zanen ta ajiye, ta ce da ni, "Malam, ba zan ƙara shiga motar nan a lulluɓe ba. In lokacin ya yi, ka lulluɓe ni gaba ɗaya."

Tun ranar ba ta sake zuwa likita ba. Na roƙe ta, ƙanwarta ta roƙe ta, babbar 'yarmu ta yi kuka har ta gaji. Wankin ciwo shida ya wuce ta. Ni nake wanke mata a gida da ruwan gishiri, kuma ina gani wurin yana faɗi. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma na gaji.

Ga abin da nake roƙo. A ba ni izinin tagar gefe ɗaya da layin yatsa huɗu, ba gilashin gaba ba. In ana shakkar aurenmu, a aiko mutum Takieta ya tambayi duk wanda ya fara cin karo da shi wace ce matar Mushe Iliya. A kuma rubuta iya duhun da doka ta yarda da shi a liƙa a ƙofar ofishinka da shingayen hanya, don wanda zai zo bayana, domin ba Hajara kaɗai ce zabiya a ƙasar Damagaram ba.

In kuwa takardar ba za ta fito ba sai bayan Hajara ta daina bukatarta, kada a wahalar da kowa a aiko mini. A cire sunanta a sa na wani mai rai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka daga ciwon da sai da sa hannun wani ake jinyarsa. Allah ya sa ka gama aikinka lafiya.

Wassalam.

Mushe Iliya,
mijin Hajara, Takieta.