Injin da Auta Ya Aiko

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban motar unguwarmu. Wayoyinmu duk sun zama duwatsu, babu inda za a yi caji.

Taransifomarmu ce ta ƙone tun farkon watan jiya. Ka san da wuta injin rijiyar burtsatse yake jawo ruwa zuwa tanki, to ranar da wuta ta tafi, ruwa ma ya bi ta. Ɗan janaretan asibitinmu ko fanka da ƙyar yake juyawa, balle ya ɗaga ruwa daga ƙasa. Masu tura kura sun koma ɗebo na kududdufin bayan makaranta, wanda muke hana ka wanka a ciki kana yaro. Shi ake sha yanzu.

Mai walda ya loda kayansa ya bar unguwa. Mai injin niƙa ya rufe. Allurar rigakafin da ke firjin asibiti duk ta lalace, na zubar da ita da hannuna, ina zubarwa ina hawaye. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a nan, likita sai ya ga dama yake leƙowa.

Kai ne a birni, kuma kai mai aikin famfo ne, ka san mutane. Don Allah ka je babban ofishin wuta ka yi mana magana. Mun gaji da aika dattawa.

Inna tana gaishe ka. Matarka lafiya lau. 'Yarka Aku kuwa bakin nan bai huta ba, jiya ce mini ta yi, “Goggo, wutar fushi ta yi da mu?”

Ka huta lafiya.
Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Saƙonki ya iso, kuma ya hana ni sukuni.

Na je ofishin har na saba da mai gadinsu. Sun karɓe ni da mutunci, sun ce maganarmu tana kan layi, kaya ne ba su iso ba. Da na ce yaushe, sai mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce in ƙara haƙuri.

Yaya, da kin ga inda nake aiki da kin riƙe baki. Sababbin gidaje ne jere, ba wanda ya tare tukuna, ni nake sa musu bututu. Kowace safiya sai na buɗe famfo an shayar da ciyawar ado. A sito akwai babban janareta a ajiye, ko leda ba a gama cire masa ba. Na cire hula na roƙi ɗan kwangilar da nake wa aiki ya ara mana. Bai wulaƙanta ni ba, ya dai ce kayan masu gidajen ne, ba shi da ikon fitar da ko ƙusa.

Na so in ce ki turo mini Aku da uwarta, to a kango nake kwana da sauran leburori. Ku dai riƙa tafasa ruwan kafin ku sha. Zan ci gaba da bibiya.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta.

*

Auta,

Sallama. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ka yafe ni.

Mu riƙa tafasawa, ko? Ni za ka koya wa? Na bi gida-gida har muryata ta dushe. Wadda take neman itacen da za ta dafa wa yaranta abinci, da me za ta tafasa bokiti?

Amai da gudawa ya shigo. Gadajen asibiti sun cika, na shimfiɗa tabarmi a baranda, na ɗaura igiyar shanya ina rataya ledar ƙarin ruwa a jiki. Babu ruwan wanke zannuwa. Babu na wanke daɓe. Ina tashi daga kan wannan in taɓa wancan, ina kallon hannuwana ina tsoronsu. Ɗan mai aski ya rasu shekaranjiya. Uban ya tsaya a ƙofa yana cewa, “Malama, ki ƙara dubawa, barci yake.”

Yanzu ka zauna in faɗa maka. Aku tana gadon kusa da taga. Na sa mata ƙarin ruwa a ƙafa, don jijiyar hannu ta ɓuya. Idonta ya faɗa. Auta, ba ta magana. Na ce mata, “Ke, Goggo ce,” ta dube ni kawai. Matarka tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar gadon, ba ta ci ba ta sha.

Ina iya ƙoƙarina, amma ko ta farfaɗo me zan ba ta ta sha? Ban san me nake so ka yi ba. Na dai rasa wanda zan faɗa wa.

Ka yi mana addu'a.
Yayarka.

*

Zuwa ga Autan Inna,

Assalamu alaikum, gaisuwa da godiya marar iyaka!

Direba ya tsaya a ƙofar asibiti da rana tsaka, ya ce a kira masa majiya ƙarfi. Da aka sauke janaretan da ka aiko, mai gyaran rediyo ya haɗa wayoyi, kowa ya kawo ɗan man da ya samu. Muka tsaya ƙarƙashin tanki muna saurare. Da ruwa ya fara bugun cikin tankin, wallahi mata guɗa suka saki, Inna kuwa zama ta yi a ƙasa tana kuka. Na wanke asibiti tun daga bango har baranda. Na yi ta wanke hannu kamar sabuwar mahaukaciya.

Sababbin marasa lafiya sun fara raguwa. Aku ta tashi zaune, ta sha ruwan gishiri da sukari, ta yamutsa fuska ta ce ba daɗi. Ban taɓa jin ƙorafi mai daɗinsa ba.

Ka gaishe mana da ɗan kwangila, Allah ya saka masa, ashe zuciyarsa ta yi laushi. Amma me ya sa ba ka haɗo da ko layi ɗaya ba? Direba ma na tambaye shi, sai kauda kai yake yi.

Taka har kullum,
Yaya.

*

Zuwa ga Yayar Mai Famfo,

Salamu alaikum, ina wuni, ya masu jiki. Ni ne birkilan da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙaninki. Rubutuna ba kyau, ki yi haƙuri.

Injin nan ba aro ba ne. Ranar da takardarki ta rashin lafiyar 'yarsa ta zo ya karanta, ya zauna kan bulo har aka tashi aiki. Makullin sito yana hannunsa saboda bututu. Washegari ya buɗe, ya ce wa mai gadi gyara za a kai. Da aka nemi inji bai gudu ba, shi ya je ya ce shi ne. Yana hannun 'yan sanda.

Mun je mun ba ɗan kwangila haƙuri. Ya ce shi ma wuyansa ne a ciki. In inji ya dawo kafin masu gidajen su zo duba kaya ƙarshen mako, zai janye magana. In bai dawo ba, sai kotu. Ƙaninki ya ƙi faɗar inda ya kai shi. Ya hana ni gaya miki, amma ba zan iya ba.

Na bar ki lafiya.
Birkila.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, in gaisuwa tana shiga inda kake. Birkila zai miƙa maka wannan.

Me ka yi mana haka? Na sa Inna ta yi ta sa wa ɗan kwangila albarka, ashe ɗanta ne a kulle. Ban faɗa mata ba. Matarka ta sani, ta ce a mayar yau-yau, sai kuma ta dubi kofin da ke hannun Aku ta janye maganar.

Dattawa sun zauna a barandar asibiti. Wasu suka ce kayan da ba namu ba ne, a mayar, kada a bar yaro ya lalace saboda mu. Mai aski ya miƙe ya ce duk wanda zai kashe injin nan sai dai ya fara bi ta kansa. Aka kusa dambe. Daga ƙarshe suka ce ƙanena ne, ni zan yanke.

Har yanzu akwai mutane kwance, Auta. Akwai mai ciki da ta kusa. Daga ofishin wuta kuwa shiru. Na sa kowa ya cika randa da duro da tukunya, har kwanon wanki. Na san ba zai kai mu ko'ina ba. Amma ni na goya ka, ba zan iya barin ka a can ba. Jibi zan loda wa direba injin.

Allah ya fid da kai. Allah ya fid da mu.
Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Kada ki loda.

Na san abin da na ɗauka, na san ba nawa ba ne, zan faɗa wa alƙali haka da bakina, in faɗa masa dalili. Ranar da wuta ta dawo ku wanke shi ku mayar wa masu shi. Kafin nan kada ya tsaya.

Kada ki damu da ni. A tsakar gidan nan akwai famfo, ga ƙwan lantarki a saman kaina ba ya mutuwa. Duk gidanmu ni ne na fi kowa jin daɗi.

Ki faɗa wa Inna gaskiya, daga bakinki zai fi sauƙi.

Ƙaninki,
Auta.