Sharhin da Na Yi wa Mai Walda

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaye ni aiki. Shafin zane da sassaƙa na jaridarmu yana hannuna har yanzu, amma raina a jagule yake. Kwanaki na wuni a rumfar wani mai walda da ke ƙera siffofin mutane da tsofaffin ƙarafan keke. Na rubuta yadda yake zagin ƙarfe idan ya ƙi lanƙwasuwa, da yadda ya yi wa siffar mahaifiyarsa kitso da sarƙar keke. Rubutu bai taɓa zo mini da sauƙi haka ba. Edita ya dawo mini da shi, wai wannan hirar bakin titi ce. Na koma na sa abin da aka saba: gwani ya baje kolin fasaharsa, aikin ya ƙayatar, ya isar da saƙo. Aka buga.

Na kai wa mutumin jaridar da hannuna. Ya karanta a tsaye, ya tambaye ni cikin ladabi ko maƙwabcinsa mai fenti nake nufi. Da na dawo na duba tsofaffin shafukana. Yaya, mutum tara na yi wa waɗannan jimlolin.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wasiƙarki ta iso. Na bi shawararki, na yi rubutu biyu yadda zuciyata ta so. Ba a buga ko ɗaya ba. Yanzu an mayar da ni teburin gyaran kurakurai, shafin kuma an ba wata ɗalibata daga ajin rubutun da nake koyarwa ranar Asabar.

Jiya ta kawo mini sharhinta na farko, baki har kunne, tana ta yi mini godiya. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Kowace jimla na san ta, ni na koya mata. Yarinyar nan ta taɓa rubuta cewa wani zane ya sa ta kewar kakarta har ta kasa cin abinci, na soke layin da jan biro. Na sa mata albarka, na miƙa takardar aka kai ɗab'i.

Jibi mutum goma sha biyu za su zauna a gabana, biro a hannu, kuma duk abin da na faɗa za su rubuta. Har yanzu ban shirya darasin ba.

Ki gaida Inna.

Taki,
Auta