Fitilun Motar Baba

Ayni, farkon kaka

Zuwa ga Yaya Mehrangez,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma sanyin Tyumen bai fara takura muku ba. Mu nan sai godiya.

Yaya, Baba ya sa ni gaba a kan tsohuwar motarsa Volga. Wai fitilun gaba sun dushe, idan ya shiga dogon ramin da hanyar mota ta ratsa cikin dutse da fasinjojin Dushanbe kamar kyandir ya kunna. Na canja ƙwan fitilun, na kankare bakin batir, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har kafaɗata ta riƙe. Ban ga komai ba. Washegari ya dawo yana faɗa, wai duk garin nan ana ce mini gwanin wayarin mota, amma motar ubana ta gagare ni. Direbobin gidan shayi kuwa sun samu abin yi. Tsoho Sangin cewa ya yi in ɗaura masa fitilar ƙwai a hancin motar, kowa ya huta.

Na yi dariya tare da su, amma raina a ɓace yake. Shekaranjiya Baba ya dawo da madubin gefe a fashe, ya ce wata babbar mota ce ta matse shi a ramin. Matar da ya ɗauko ta tare ni a kasuwa, ta rantse babu wata mota, bango ya goga.

Ki gai da kowa.

Ƙanenki,
Sohibnazar

Ayni, tsakiyar kaka

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gano matsalar, kuma wallahi na so a ce waya ce. Baba ya kawo motar da hantsi, wai yanzu har fitilun gaban direba sun mutu, jar fitilar mai ma ba ta kamawa. Na zauna kusa da shi na ce ya murɗa makulli. Yaya, ta kama, jajir da ita. Ya kafa mata ido, ya nuna ta da yatsa, ya ce ai ga shi nan, shiru kake ji. Sai na duƙa ƙarƙashin sitiyari kamar ina neman wani abu, don kada ya ji muryata.

Kin san Baba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan dutsen nan, ni autansa in dube shi in ce idonka ne? Na bi ta wajen Inna, ta ɗan taɓa masa zancen likita, ya ture shayinsa ya fita. Ga dusar ƙanƙara ta fara zuba a saman dutsen, ga ramin babu haske, kuma 'ya'yan mutane yake ɗauka. Duk motar da ta shigo gari daga can sai na kasa kunne in ji ko mugun labari ta kawo.

Don haka na yi abin da na iya. Na zare wata 'yar waya a bayan makulli, inda ido ba ya kaiwa, na naɗe ta na tura ciki. Motar ta ƙi tashi. Na ce masa wani abu ne ya ƙone, sai an aiko da irinsa daga wajenku. Idan ya tambaye ki, ki ce kina nema. Ki yafe mini da na jawo ki cikin ƙaryar.

Naki,
Sohibnazar

Ayni, shigowar sanyi

Yaya Mehrangez,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, Inna ta ji daɗin mayafin ƙwarai.

Tun da motar ta tsaya, kullum da safe Baba sai ya goge ta, ya shiga ya zauna, hannu a kan sitiyari. A gidan shayi yana ta zagina, wai ya haifi mai gyaran da ɓatawa kawai ya iya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba, tunda dai yana gida.

Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga rumfar motar, na tarar da ƙafafunsa a waje, kansa a ƙarƙashin sitiyari. Na manta cewa shi ya fara koya mini aikin nan, kuma hannunsa bai tsufa ba. Da lalube ya bi wayoyin har ya kai ga tawa. Ya mayar da ita, ya murɗa makulli, motar ta tashi tangaram. Na tsaya ina jiran mari.

Ya daɗe yana sauraron injin. Can ya kashe, ya miƙa hannu ya fizge wayar gaba ɗaya, ya lalubo tafin hannuna ya danƙa mini. Bai juyo ba ya ce, "Ka ajiye. Amma duk wanda ya tambaya, ka ce motar ce."

Jiya da kansa ya gaya wa Sangin cewa abin da ya ƙone an daina yin irinsa. Sangin ya dube ni ya ce kaico da mai wayarin irina, kowa ya yi dariya, na sunkuyar da kai na karɓa. Da za mu tafi gida, Baba ya riƙe gefen rigata a bakin titi.

Ba sai kin ƙara cewa kina nema ba, Yaya. Ki dai zo da bazara, tun yana iya gane fuskarki.

Inna tana gaishe ki.

Ƙanenki mai kewarki,
Sohibnazar