Ɗana Yana Riga Mutuwa Shiga Gidajen Mutane

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta kasa zama wuri ɗaya. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wannan magana ba ta ba wani ya rubuta ba ce, shi ya sa na zauna da kaina.

Ɗana na fari ya gama karatu a Sakkwato, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Illela ya zauna ba aiki. Babansa ɗan canji ne, amma shi ba ya so. Burinsa ya yi aiki da ƙungiyoyin agaji masu nemo wa marayu tallafi. An ce masa irin wannan aiki ba a sa shi a jarida ko rediyo, sai wanda ya san wani. To, wani baƙo da ya zo canjin sefa ya ba shi lambar wani mutum, lambar Nijar. Mutumin ya ce zai ɗauke shi, amma sai ya ga ƙwazonsa tukuna.

Har yau ba wanda ya taɓa ganin mutumin nan. Saƙon murya kawai yake turowa. Na saurari ɗaya. Muryar ba ta tashi, ba ta sauka, kuma bayanta shiru, ba kukan kaza, ba ƙarar babur. Hajiya, daga nan har Ƙonni ta Nijar ina ne babur ba ya wucewa?

Da farko hotunan marayu ya ce a turo. Daga baya ya ce masu bayarwa sun fi jin tausayi in suka ga yara tare da ubansu yana kwance, sannan su gan su bayan ya tafi. Tun daga nan yaron ya zama mai yawan dubiya. Ko ina ya ji magidanci ya kwanta, zai sayi lemu ya tafi. Ya je Amarawa wurin wani manomi, makon bai fita ba aka yi jana'izarsa. Ya je Araba, haka. Na sani ajali na Allah ne, na sani. Amma mutane sun fara lura. Maƙwabciyata in ta hango shi sai ta kira 'ya'yanta ciki. Akwai gidan da aka ce masa mai gidan yana barci, alhali yana jin tarinsa daga zaure.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Babansa yana tari tun damina. Ranar nan bayan la'asar yana kwance a ɗaki, ƙannen yaron, Ummi da Usama, suna zaune kusa da shi. Na fito daga madafa na ga yaron tsaye a ƙofar, waya a hannu, yana janye labule a hankali don haske ya sauka a kansu. Da muka haɗa ido ya sa wayar a aljihu. 

Ban gaya wa babansa ba. Ina tsoron in hana shi in toshe masa ƙofar arziki, don tun da ya dawo sai yanzu na ga yana tashi da safe ya yi wanka da niyyar fita. Kuma ina tsoron ɗan da na haifa. Mi zan yi?

Uwa mai fargaba, Illela

*

'Yar'uwa, rubutunki ya fita sarai, kuma fargabarki tana kan hanya.

Ɗanki bai yi kuskure a komai ba. Gaskiya ne yawancin ayyukan neman tallafi ba a tallata su. Mutum yakan fara da aikin sa-kai, a gan shi, a yarda da shi, in gurbi ya samu a tuna da shi. Amma wa zai tuna da shi a nan? Ƙungiyar kirki tana da suna, da rajista, da ofishin da za a yi sallama a shiga. Ba ta ɗaukar hoton marar lafiya ko yaro sai da yardar iyalinsa, balle ta sa a je a jira mutuwar mutum. Ban san wane ne mai muryar nan ba, amma ina kyautata zaton da hotunan yake roƙo a wani wuri, marayun kuwa ba za su ga ko ƙwayar gero ba. Ranar da asiri ya tonu, fuskar ɗanki kaɗai aka sani.

Hoto ba ya kashe kowa, ki cire wannan a ranki. Abin tsoro shi ne yadda ake koya wa idonsa kallon marar lafiya.

Kada ki yi masa faɗa a gaban ƙannensa. Ki kira shi ke da shi, ki gaya masa abin da kika gani a ƙofar ɗakin. Wanda ya ɓoye waya da ya ga uwarsa, kunyarsa ba ta mutu ba. Ya daina tura hotuna daga yau, ya goge na hannunsa, ya nemi mutumin ya faɗi sunan ƙungiyar da inda za a same shi, in ya faɗa, wani babba a danginku ya raka shi can. Ina ganin daga nan muryar za ta ɗauke. Sannan ya koma gidajen da aka yi rashi, shi da wani dattijo, ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara.

Aikin da yake so kuwa yana nan. Ya fara da kwamitin marayu ko na zakka na garinku, wurin mutanen da kowa ya san gidajensu. Ya je Sakkwato ya gaisa da masu wannan aiki ido da ido, ya tambaye su abin da suke buƙata. Matashi mai ilimi da ya san Illela ya san Ƙonni ba abin yarwa ba ne a wurinsu.

Tarin da ya wuce makonni na asibiti ne. Gobe ki sa shi ya bar wayar a gida, ya ɗauki babansa ya kai shi da kansa. Allah ya ba mai gida lafiya, ya ba ɗanki aikin da zai shiga gidan mutane a yi murna da zuwansa.