Rasuwar Baban Ƙamshi, Mai Turaren da Hancinsa Ya Tafi Hutu

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Haɗa Turare da Sayar da Shi, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin mambobinta maza da mata, tana sanar da jama'a cewa da hantsin ranar Talata ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, Shugabanta na farko, kuma Babban Mai Ba Ta Shawara, Alhaji Sarkin Haɗi, wanda kasuwa kaf ta fi sani da Baban Ƙamshi. Ya rasu a gidansa, a gaban iyalinsa, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan 'yar gajeriyar jinya ta kwana biyar, an kuma yi masa sutura a ranar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayin ya yi shekara arba'in da shida a shago ɗaya, na ƙarshen layinmu, shagon da faɗinsa bai wuce taku huɗu ba amma kantocinsa sun kai har rufi, cike da kwalabe manya da ƙanana waɗanda ko ɗaya bai taɓa liƙa wa suna ba, domin a cewarsa mai hanci ba ya bukatar takarda. Shi ne ya tara mu tun muna mutum tara, kowa na hararar ɗan'uwansa, ya zaunar da mu a benci guda, ya rubuta mana dokar farko da har yau take rataye a ofis, wadda ta hana a tsinka turare da ruwa a sayar da shi da sunan na asali. Mutum talatin da ɗaya ne suka koyi sana'a a hannunsa, cikinsu har da Shugabanmu na yanzu da mai sa hannu a wannan takarda, kuma babu ɗayanmu da bai sha faɗa ba a kan ɗigo ɗaya da ya wuce ƙa'ida.

Sai dai Ƙungiya tana ganin cewa babbar hidimar da ya yi mata, ya yi ta ne a shekaru shidan ƙarshe na rayuwarsa, kuma iyalinsa sun ba mu izinin faɗin labarin yadda yake, tunda shi kansa marigayin babu taron da ba ya ba da shi yana dariya.

A shekarar da ciwon numfashin nan mai yaɗuwa ya ratsa gari, Baban Ƙamshi na cikin waɗanda ya kayar. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti da robar iska a hanci, aka sallame shi aka ce ya warke, mu ma muka ɗunguma muka je muka yi masa barka da arziki. Abin da ba mu sani ba shi ne, ciwon ya tafi ya bar masa kayansa. Gidansa a hawa na biyu yake, matakala ashirin da biyu, mutumin da a da yake hawa yana waya, sai ga shi yana tsayawa sau biyu yana riƙe da ƙarfen gefen matakala kafin ya kai ƙofa. Kafin azahar gajiya ta danne shi kamar wanda ya wuni yana dako. Yana cikin magana sunan mutum ya ɓace masa, ya tsaya yana kaɗa yatsa. Babba a cikinsu kuma, hancin nan da ya ciyar da shi da iyalinsa ya daina jin komai. Turare da kananzir duk ɗaya suke a wurinsa.

Wata huɗu ya yi yana ɓoyewa, kuma duk ɗan sana'ar nan ya san dalili, domin ranar da aka ji mai haɗa turare ba ya jin ƙamshi, ranar ce masu saye za su koma shagon maƙwabci. Kullum zai buɗe kwalba, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba, alhali da ka yake aiki, ya haddace mazaunin kowace kwalba. Bai san cewa lokacin da yake kwance a asibiti mai ɗakinsa, Hajiya, ta sa an sauke kwalaben an goge kantoci an mayar da su yadda ya yi mata kyau a ido ba. Haka aka yi wani tela, wanda ya shekara ashirin yana sayen haɗi iri ɗaya a wurinsa, ya tafi gida da kwalbar da rabinta man korar sauro ne. Bayan mako guda telan ya dawo cikin ladabi, ya gaishe shi, ya ce ya zo godiya ne, don tun da ya fara shafa sabon haɗin sauro ya ƙaurace wa ɗakinsa, matsalar kawai ita ce matarsa ma ta bi sauron.

A taronmu na ƙarshen watan ne marigayin ya nemi izinin magana. Ya miƙe, numfashi ya ƙi, ya koma ya zauna, daga zaunen ya ce, "Jama'a, wata huɗu ke nan ina yi muku wasan kwaikwayo. Hancina ya tafi hutu, kuma bai gaya mini ranar da zai dawo ba." Ya ba da labarin telan, sannan ya ce ya ajiye sarautar Sarkin Haɗi, a ba wanda ya cancanta.

Can sai Shugabar Mata ta Ƙungiya ta ɗaga hannu, ta ce in dai haka ne ita ma a karɓi nata muƙamin, don tun da ta tashi daga ciwon komai warin ƙonanniyar taya yake yi mata, har ruwan wanka. Wani ya ɗaga, wani ya bi. Cikin mutum arba'in da ke ɗakin, takwas ne muka ɗaga hannu, kuma mai sa hannu a wannan takarda, wanda ya yi wata uku yana cewa mura ce, shi ne na ƙarshe. Marigayin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa, ya sha ya ci gaba da dariyarsa. Majalisar Dattawa ta ƙi karɓar murabus ɗin kowa.

Daga ranar ne ya ɗauki lamarin a matsayin aikinsa. Da bakinsa ya kawo shawarar a liƙa wa kowace kwalba suna, ya kuma fara da nasa shagon, yana rubutawa yana ƙunƙuni. Ya sa aka haɗa duk wanda hancinsa ya tsaya da wani mai lafiyayyen hanci a layi, aka sauko da ofishin Ƙungiya daga bene zuwa ƙasa, aka kuma amince cewa wanda gajiya ta kama ya rufe shago da rana ya je ya kwanta, maƙwabcinsa ya kula masa da ƙofa.

Shi kuwa abokin haɗin da ya samu, Hajiya ce da kanta, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta shekara arba'in tana cewa turare ciwon kai yake sa mata. Ta ce tunda ita ta rikita kwalaben, ita za ta gyara. Aka ajiye mata kujera a bakin teburin haɗi, shi yana aunawa ita tana sunsunawa. Da yake ba ta san sunayen da muke kiran ƙamshi da su ba, sai ta riƙa faɗi da nata bakin: wannan warin tsohon akwati yake, wancan kamar sabon littafi, wannan kuma kamar an zuba ruwa a kan ƙarfe mai zafi. Shi kuma ya fassara, ya ƙara ɗigo ko ya rage. Ya naɗa ta Shugabar Hanci, ba ya kiranta a shago sai da ranki ya daɗe, ita kuma ba ta fasa gaya masa a gaban masu saye cewa hannunsa ya cika nauyi. Mutane da yawa, Ƙungiya tana da shaida, sun riƙa zuwa shagon don su ji wannan musu kawai, su tashi da kwalba a hannu. Haɗinsu ya karɓu fiye da na da. Hajiya ta ce hancinta ne, marigayin ya ce hannunsa ne, kuma duk da an kawo ƙarar gaban Majalisar Dattawa sau biyu, dattawan sun ga hikimar ɗage zaman.

Wata likita da yake gani ta ba shi shawarar ya riƙa sunsunar abubuwa huɗu safe da yamma, ko da ba ya jin komai, yana tuno yadda ƙamshinsu yake. Ya zaɓi lemo, da kanumfari, da na'a-na'a, da man fure. Da ya ga abin ba wuya, sai ya cika ƙananan kwalabe da su ya buɗe zama kowace safiyar Asabar a ofishin Ƙungiya, ya ce ƙofa a buɗe take ga kowa, ɗan sana'a ko ba ɗan sana'a ba. Masu dafa abinci suka zo, direbobi suka zo, malaman makaranta da ma'aikatan jinya suka zo, wasu saboda hanci, wasu saboda haki, wasu saboda mantuwa, wasu don kawai su zauna da mutanen da ba za su ce musu raki suke yi ba. Bai taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba, yakan ce shi mai turare ne, kowa ya riƙe likitansa. Doka ɗaya ce a zaman: ba a ce wa mutum ai ka warke. Wanda ya manta ya faɗa, shi zai kwashe kujeru idan an tashi.

Akwai wata mai gyaran gashi da ta zo zaman tana kuka, ta ce maigidanta ya ce lalaci ne ya kama ta, tunda asibiti sun sallame ta. Marigayin ya sa aka kai shi gidan a mota, ya hau matakalarsu a gaban mijin, yana tsayawa yana haki, ya isa falo ya kwashe minti biyar bai iya ko amsa gaisuwa ba. Da numfashinsa ya dawo ya ce wa mijin shi ma lalacin ne ya kama shi, ya zo ne su gaisa. Asabar ta gaba mijin ne ya kawo ta da kansa, ya kuma zauna har aka tashi.

Shekara uku da wata biyu bayan ciwon, wata safiya 'yarsa ta biyu, wadda yake kira Uwata, tana soya albasa, waya ta ɗauke mata hankali, albasar ta kama. Sai ga shi ya fito daga ɗaki ransa a ɓace yana cewa, "Wai wa ke ƙona albasa a gidan nan?" Kowa ya tsaya cak yana kallonsa, shi ma ya tsaya. Uwata ta zabura za ta sauke tukunya, ya ce kada ta kuskura. Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyar kicin, hawaye na zuba, ba a san na hayaƙi ba ne ko na murna, har hayaƙin ya kori kowa, maƙwabta suka hawo da bokitan ruwa. Ya tarbe su a bakin ƙofa yana tari, ya ce su shigo su ji abin da ya ji.

Gaskiyar magana, hancin bai dawo duka ba, wajen rabi ne, kuma ƙamshin fure bai sake ji ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Hakin ma bai rabu da shi ba. Amma ya ci gaba da buɗe shago daga safe zuwa azahar, da kujerarsa a tsakiyar matakala inda yake hutawa yana tsokanar masu hawa da sauka, kuma Asabar ɗin da ta gabaci kwanciyarsa shi ya jagoranci zama. Ƙungiya tana tabbatar wa duk masu halarta cewa zaman zai ci gaba a lokacinsa, ƙarƙashin Shugabar Mata.

Marigayin ya bar mai ɗakinsa Hajiya, da 'ya'ya biyar, da jikoki goma sha uku, da ƙanwarsa guda. Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta gare su, da ɗalibansa, da maƙwabtansa na gida da na layi, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta masa kurakuransa, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya kuma ba duk masu fama da ragowar wannan ciwo sauƙi da masu fahimtarsu.

A ƙarshe, Ƙungiya tana isar da saƙon Hajiya ga masu niyyar zuwa gaisuwa. Lokacin da tawagarmu ƙarƙashin Mai Girma Shugaba ta je gidan, mun zauna ne kamar yadda aka saba, kai a sunkuye, babu mai cewa uffan bayan addu'a. Hajiya ta dube mu ta ce, "Shekara arba'in da takwas mutumin nan yana cika mini kunne da surutu. Yau kwana biyu har agogon bango nake ji. Don Allah wani ya ce wani abu." Saboda haka duk wanda zai je, bayan ya yi wa marigayin addu'a, kada ya yi saurin tashi. Ya zauna, ya ba ta labarin abin da ya taɓa haɗa shi da mijinta, ko da faɗa ne. Mu da muka je da niyyar minti goma, sai da la'asar ta same mu a can.

Sa hannu:
Dogo Mai Kwalabe,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Haɗa Turare da Sayar da Shi.