Muryar Baba a Cikin Kaset

Inna,

Ina gaishe ki daga Yamai, a gaida su Saminu. Lafiyata lau, karatu na tafiya, barci ne dai sai a hankali.

Ban taɓa gaya wa kowa ba: na manta muryar Baba, Allah ya jiƙan shi. A littattafan soyayya ba a manta muryar wanda ake so.

Da ya bar aikin rediyo ya koma rubuta tarihin mazan jiya, tsofaffin Dakoro yake ɗauka a kaset. Tashi muryar na ciki, inda yake cewa, "To, Alhaji, sai aka yi yaya?" Na san ba ki son a taɓa su, amma ki aiko mini ko guda.

Na so in yaga takardar nan. Ga Yazidu direba a ƙofa, zan ba shi.

Taki,
Ramla