Garinmu da Baba yake ta ƙoƙarin tsarewa a cikin wasana

Barkanku da war haka, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya fara zagina ya karanta har ƙarshe. Na riga na zagi kaina har na gaji, shawara nake nema.

Ni mace ce, ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan Maiduguri, ina zaune a Galtimari da mahaifina. Asalinmu daga kudancin Borno muke. Garinmu babu shi yanzu, tun lokacin tashin hankalin nan aka ƙone shi, kuma a ranar muka rasa yayana, ɗan Baba namiji tilo. Baba tsohon hedimasta ne. Tun da muka dawo birni ya zama kamar kujerar da ke falo, daga coci sai gida, magana ma sai an ja shi.

Ni da wani abokin aikina, bari in kira shi Modu, mun daɗe muna haɗa wasan yaƙi na kwamfuta. Babu kamfani, babu mai ɗaukar nauyi, mu biyu ne da laftof da batirin sola. A wasan kai ne kwamanda, kana kallon fili daga sama, kana jera maharba da masu mashi, rundunar shaiɗanu kuma tana gangarowa dubu-dubu. Da muka zo matakin farko, Modu ya ce, “Ki zana mana gari mai rai, wanda mutum zai ji zafin rasa shi.” To ni wane gari na sani? Sai na zauna da Baba na ce ina so in zana garinmu a kwamfuta don jikoki su gani. Ban ce masa wasa ba ne. Ranar ya yi magana har abincinsa ya huce. Ya gaya mini inda rijiya take, da tsamiyar bakin kasuwa, da ajin da rufinsa yake yoyo, da mashigin rafi inda mata suke wanki. Na zana duka, sannan na sako shaiɗanu a kai.

Ga inda laifin yake. Wannan matakin ba a cin sa. Da gangan muka yi haka, domin labarin wasan yana farawa ne da faɗuwar gari, sai ran mai wasa ya ɓaci ya shiga sauran matakan da zafi. Ni da hannuna na tsara cewa duk yawan shaiɗanun da ka kashe, wasu da suka ninka su za su fito ta bayan dutse. In ka iya wasa, sai su ƙaru. Ko wane ne kai, garin zai ƙone.

Wata ranar Asabar da rana ina gwada matakin a falo, ban ji shigowarsa ba. Ina juyowa na gan shi tsaye a bayana, yana kallon wuta tana cin ajinsa. Na ce a raina yau Baba zai tsine mini. Sai kawai ya jawo kujera ya zauna, ya sa tabarau, ya ce, “Mamana, wa ya ajiye maharba a kasuwa? Ai ba ta nan suka shigo ba.” Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce, “Baba, wasa ne kawai.” Ya ce, “Na ga wasa ne. Nuna mini yadda ake motsa su.”

Me ya hana ni faɗa masa a lokacin cewa ba a cin matakin? Ban sani ba. Na ga idonsa ya yi haske, abin da rabona da gani har na manta, sai na ɗora hannunsa a kan maus. Mutumin da ko saƙon waya sai na karanta masa, cikin ɗan lokaci ya iya raba runduna gida uku. Yanzu in zan tafi makaranta sai in bar masa laftof ɗin, in dawo in same shi a inda na bar shi, kunu ya yi sanyi a gefensa. In batiri ya mutu sai ya fita tsakar gida ya jera duwatsu da marafan kwalba a ƙasa yana ta matsar da su. Maƙwabta suna cewa Malam ya warware, har yana amsa gaisuwa da fara'a. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar in nutse.

Akwai wani jagoran masu mashi a wasan, ba shi da ko suna, ɗan zane ne mai jan rawani. Baba yana kiransa da sunan yayana. Ina wanke-wanke sai in ji yana cewa, “Ja baya, ɗana, ja baya mana!” Rannan na kawo masa abinci, gari ya sake faɗuwa, ya cire tabarau ya ce, “Kin san ranar nan ni na ce yayanki ya tsaya a mashigin rafi? Na ce shi da samari su tare nan, ni in hau dutse da mata da yara. Bai yi mini musu ba, bai taɓa yi mini musu ba.” Duk shekarun nan bai taɓa faɗa mini wannan ba. Sai ya ce, “Akwai inda ya kamata in ajiye shi. Zan gano wurin.”

Kun ga abin da na yi? Na ba tsoho jarrabawar da ba ta da amsa, shi kuma yana ganin shi ne daƙiƙin. Kullum yana kallon ɗansa yana faɗuwa a bakin rafi, kullum yana cewa kuskurensa ne, alhali ni ce nake turo masa su ta bayan dutse. Wace irin 'ya ce ni?

Na gaya wa Modu. Ya riƙe kai ya ce, “Haba! Ai gyaran ba wuya. Ki rufe bayan dutsen a wasan da ke gidanku, ki bar Baba ya ci sau ɗaya, ya huta.” Har na buɗe wurin zan gyara, sai hannuna ya tsaya. In ya ci, me na gaya masa ke nan? Cewa da ma ana iya tsare garin, cewa da ya jera mutane daidai da yayana yana nan da ransa, da 'ya'yansa suna wasa a tsakar gidan nan. Da wannan zai kwana ya tashi har ƙarshen ransa. In kuma na ce masa, Baba, ba a cin sa, wataƙila ya ji sanyi, ya gane ba laifinsa ba ne. Wataƙila kuma ya gane na yaudare shi sau biyu, na karɓi garinsa daga bakinsa na mai da shi itacen wuta, sannan na zauna ina kallonsa yana wahala. Kuma in na karɓe wasan, ya koma kujerar falo ke nan. Na gaji, Allah ya sani na gaji. A aji ma sai ɗalibai su yi ta magana ban ji ba.

Jiya na dawo na same shi yana dariya shi kaɗai. Ya cire mai jan rawanin daga rafi, ya kai shi bayan coci, garin ya daɗe bai faɗi ba fiye da kullum. Ya faɗi dai a ƙarshe. Amma Baba ya kama hannuna ya ce, “Saura kaɗan, Mamana, yau har ya kusa fita da rai.” Sai ya yi mini irin kallon da yake yi wa ɗalibai in yana son gaskiya, ya ce, “Ke kika yi abin nan. Akwai wanda ya taɓa tsare garin?”

Na ce, “Akwai, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya ce to shi ma zai iya. Yau da zan fito ya riga ni tashi, ya goge tabarau, ya ce in sa masa caji ya cika don yau ba zai tashi ba sai ya fitar da ɗansa.

Jama'a, yana can yanzu haka yana jera su. Me zan yi?